Nomau da Jitar Baffa Ilu

A ƙauyen Kwarin Maje an yi wani masassaƙi ana ce masa Nomau. In dai aikin hannu ne, babu kamarsa a yankin nan. Turmin da ya sassaƙa sai jika ta gada, kujerarsa ba ta girgiɗi, ƙotar da ya yi wa fartanya ba ta suɓucewa. Matsalarsa ɗaya ce, magana. Yadda ta fito daga bakinka haka take shiga kunnensa, haka kuma zai aikata ta. Ranar da mahaifiyarsa, Inna Tabawa, ta ga ya jiƙe da gumi ta ce ya fita ya sha iska, sai da aka kira la'asar aka same shi a ƙofar gida ya hangame baki yana kallon gabas. Da aka tambaye shi ya ce ya sha dai, amma ba ta ƙosarwa.

Su biyar ne a gidan. Ga Nomau, ga matarsa Barira mai dariya har da hawaye, ga Inna Tabawa. Sai ƙanin mahaifinsa, Baffa Ilu, da 'yarsa Hansatu, unguwarzoma ce a asibitin ƙauyen. Baffa Ilu ya yi ƙuruciyarsa a Jos yana kaɗa jitar lantarki, har an ce in ya taɓa tsirkiya masu tuƙa tuwo kan bar muciya a tukunya. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, inuwa-inuwa kawai yake hange, amma yatsunsa suna nan daram. Tun Hansatu tana 'yar mitsitsiya ya yi mata alkawari ranar aurenta da hannunsa zai kaɗa mata.

To, auren ya zo. Hansatu ta samo wani malamin makaranta mai suna Haladu, aka sa rana, saura mako shida. Baffa ya sa aka jawo akwatin jitarsa daga ƙarƙashin gado, inda ya shekara goma sha biyar. Ya buɗe, ya zura hannu yana murmushi, sai hannun ya nutse cikin gari. Gara ta cinye katakon tas, ƙarafa kawai ta bari. Baffa ya yi ta murza garin a tafin hannunsa, Hansatu ta juya baya tana share ido da gefen mayafi.

Abin ya sosa ran Nomau. Ya durƙusa ya ce, "Baffa, ba itace ba ne?"

"Itace ne."

"To ai ni da itace ba ma faɗa. Ka faɗa mini, in yi."

Baffa ya ɗago kai. "Za ka yi abin da na ce, ba ragi ba ƙari?"

"Ba ragi ba ƙari, Baffa."

Inna Tabawa tana tsince shinkafa ta ce, "Malam Ilu, abin da nake tsoro ke nan."

Wata rana, washegarin wannan magana, Baffa ya ce, "Itacen jita ba kowanne ba ne. Tsoho za ka nemo, busasshe, wanda in ka ƙwanƙwasa zai amsa maka. Wanda bai amsa ba ka ƙyale shi." Nomau ya saɓa gizago ya fita. Ya ƙwanƙwasa gungumen ƙofar masallaci ya kasa kunne, shiru. Ya ƙwanƙwasa turmin maƙwabta, shiru. Ya je wajen kukar bakin kasuwa ya yi mata sallama har sau uku, ya ce wannan girman kai gare ta. Azahar ta wuce, ƙafa ta gaji, ya iso shagon Barmo tela. Ƙofar shagon tsohuwa ce ta maɗaci, tun kakan Barmo. Shi kuwa Barmo ya turo ta ya kifa kai a kan keken ɗinki yana barcin rana. Nomau ya ƙwanƙwasa.

"Na'am!"

Nomau ya washe baki don murna. Ya sake ƙwanƙwasawa don ya tabbatar.

"Na ce na'am, wane ne?"

"Allahu akbar, har tambaya take yi!"

Kafin Barmo ya gama miƙa, Nomau ya zare ƙusoshin ya aza ƙofar a ka. Barmo ya buɗe ido ya ga rana tsakiyar shago, ya leƙa ya hangi ƙofarsa ta yi ƙafafu tana tafiya a kan hanya. Ya bi ta a guje ba takalmi, tef ɗin awo yana lilo a wuyansa, yana ihun a tare masa ƙofa. Haka suka shigo gida, ƙofa a gaba, tela a baya. Da Barmo ya ji dalili, ya kalli Baffa Ilu, mutumin da ya taɓa yi wa rawa har takalminsa ya tsinke, sai fushin ya narke. Ya ce ya bar musu, amma Nomau ya yi masa sabuwa kafin magariba, kuma kullum zai riƙa zuwa duba lafiyar ƙofarsa.

Wata rana Baffa ya ce lokacin fitar da siffa ya yi. "Jita siffar mace gare ta. Kafaɗa madaidaiciya, tsakiya a tsuke, ƙugu a buɗe. Ka zana da gawayi tukuna, sannan ka sa zarto." Nomau ya shimfiɗa ƙofar a inuwar ɗaki ya kira matarsa.

"Barira, zo ki kwanta nan."

Barira ta goge hannu da sauri. "Maigida, gadon da ka yi mini alkawari ne?"

"Kwanta dai, kada ki motsa."

Ta kwanta tana murmushi, ya bi ta da gawayi tun daga ka har dunduniya. Kwana biyu yana yanka yana gogewa, sannan ya kinkimo ya jingine a gaban Baffa. Baffa ya fara shafawa daga ƙasa. Ya ji yatsun ƙafa. Ya hau sama, ya hau sama, har sai da ya miƙe tsaye.

"Nomau, wannan tsinin na sama fa?"

"Ɗaurin ɗankwali ne, Baffa."

"Ni da zan rataya abu a kafaɗa, ka kawo mini wadda zan ba wa sadaki?"

Barmo ya faɗo daga kan benci. Barira kuwa ta fito ta tsaya kusa da 'yar'uwarta ta katako, ta dube ta sama da ƙasa, ta riƙe ƙugu. "Wai ni ce da wannan faɗin? Wallahi gawayin ne ya yi kauri!" Ta yi yinin nan ba ta kula Nomau, ba don gadon ba, don faɗin. A ƙarshe Baffa ya durƙusa ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana siffar jitar da ɗan yatsa. Ido ya tafi, amma hannu bai manta ba. Nomau ya kwafe zanen ko ɗigo bai kuskure ba, ya fitar da gangar jikin daga tsakiyar katakon, wuyan jitar kuma daga ƙafar dama. Tun daga ranar Barmo ya riƙa tambaya, "Ina kwana, yaya ƙafar Barira?" sai da Inna ta yi masa barazana da muciya.

Wata rana aka zo fenti. Katakon ya sha samfefa ya yi sumul, Baffa ya shafa ya ce madalla. "Ja nake so, ja wur. Ka yi mata hannu uku, kana bari tana bushewa." Nufinsa shafi uku. Nomau ya buɗe gwangwanin fenti ya tsoma hannun dama ya danna a jikin jitar. Ya jira ya bushe. Ya tsoma na hagu ya danna. Ya jira ya bushe. Sannan ya zauna yana kallon hannayensa, ya juya su, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Biyu ne. Yana cikin wannan damuwa Hansatu ta dawo daga asibiti da fararen kayanta.

"Yaya Nomau, lafiya ka yi tagumi har ka ɓata kumatu?"

"Hansatu, ara mini hannu."

Ta ɗauka riƙo za ta taya shi, ta miƙo. Ya tsoma shi cikin gwangwani har wuyan hannu, ya danna tsakanin nasa biyu. Ta ƙwalla ƙara, Inna ta fito da gudu, Baffa ya ɗaga murya daga zaure, "Ta yi jan?"

Inna ta ce, "Ta yi, wuri uku."

Baffa ya ce a kankare a sake. Amma Hansatu ta tsaya tana kallo, ga manyan hannaye biyu sun sa ɗan siririn nata a tsakiya, sai dariyarta ta koma wani abu daban. Ta ce, "Baba, don Allah a bar mini ita haka." Aka bi ta da man ƙyalli aka bari. Hannun Hansatu kuwa mako guda yana ja, matan da ke zuwa awon ciki suna tambayarta wa ya yi mata wannan lalle, su ma suna so.

Wata rana aka kai ga abin da ya sa ake ce mata ta lantarki. Baffa ya fito da wani ɗan ƙarfe baƙi daga cikin tarkacen tsohuwar jitar ya ce, "Wannan maganaɗisu ne, shi ne yake jin motsin tsirkiya ya kai wa lasifika. Naɗin da ke jikinsa ya ruɓe. Ka ɗauki waya ka zagaye shi sau dubu biyar, a hankali, kada ka tsallake." Ga ƙullin siririyar wayar tagulla nan Haladu ya aiko da ita daga birni, amma Nomau bai dube ta ba. Ya shiga wajen Hansatu ya ari wayarta ta hannu. Ya kifa turmi a tsakar gida, ya ɗora maganaɗisun a kai, ya riƙe wayar da hannu biyu, ya fara zagaye. Ɗaya, biyu, uku. Ya kai ɗari huɗu da 'yan kai wata maƙwabciya ta yi sallama, ya amsa, lissafi ya ɓace, ya koma ɗaya. Kaji suka gaji da kaucewa suka hau katanga. Mata suka fara leƙowa, wata ta ce a kira mai ruƙiyya. Ana haka wayar ta yi ƙara, Haladu ne. Nomau ya ɗauka bai tsaya ba.

"Yaya Nomau, ina wuni? Ina Hansatu?"

"Dubu ɗaya da ɗari biyu da shida."

"Na'am?"

"Da bakwai. Ango, kashe, kana rikita ni."

Wajen dubu biyu gidan ya fara juya masa. Ɗaki ya koma inda rumbu yake, Inna ta zama guda uku. Ya yi tangaɗi, ya yi wani tangaɗin, ya zauna daram cikin bahon ƙullun kokon Barira, ya ɗaga wayar sama kada ta jiƙe. Baffa ya lalubo bango ya fito.

"Ya naɗu?"

Barira tana riƙe da ciki ta ce, "Baffa, shi dai ya naɗu, maganaɗisun yana nan yadda yake."

Da aka gane inda aka saɓa, Barmo ya ce a kawo. Ya ɗaura maganaɗisun a jikin keken ɗinkinsa yana takawa, Nomau yana riƙe da wayar tagulla yana sakin ta sannu-sannu, Baffa yana ƙirga. Kafin la'asar an gama.

Wata rana, saura kwana tara biki, Baffa ya ce, "Yau sai jaki. Ka ɗora shi a kan cikinta, ya zauna daidai tsakiya, kada ya karkace ko kaɗan." Makaɗa dai jaki suke ce wa ɗan abin nan da tsirkiya take hawa kansa, kuma ga shi nan cikin ƙarafan tsohuwar jitar. Nomau ya ce, "Baffa, ba zai yi mata nauyi ba?" Baffa ya ce, "Ina nauyin yake? Duk jitar duniya da jakinta." Nomau ya ce to. Ya je gidan mai unguwa ya aro nasa, wani jibgegen jaki mai taurin kai. Ya kwantar da jitar a tsakar gida, ya shimfiɗa mata buhu don kada ƙyallin ya ɓaci, ya jawo jaki. Jakin ya ƙi. Ya lallashe shi, ya ƙi. Ya koma baya ya sa kafaɗa yana turawa yana cewa, "Zauna mana, daidai tsakiya aka ce." Jakin ya waiwayo, ya ga shanyar kuɓewar Inna a kan tabarma, ya fizge igiya. Ya bi ta kan kuɓewa, ya ture randa, ya sa kai cikin igiyar shanya ya fito da zanin Barira a ka kamar amarya, sannan ya tsaya gaban zaure ya saki kuka iya ƙarfinsa.

Baffa ya zabura. "Kai! Wace irin jita ce ta fara kuka tun ba a sa mata tsirkiya ba?"

Allah ya taimaka kofato bai taɓa ta ba. Inna ta kori jakin da tsintsiya har ƙofar gida, ta dawo ta tsaya kan Baffa tana haki. "Malam Ilu, daga yau kafin ka yi magana ka fara gwada ta a kaina. In akwai raƙumi a jikin abin nan ka faɗa tun yanzu in kwashe kayana."

Wata rana aka ɗaura tsirkiya shida, aka zo saiti. Baffa ya rungume jitar a zaure. A kan benci mutum uku ne suka zo kallo: ladan, mai unguwa, sai Barmo a ƙarshe. Ƙarafan da ake murɗawa a kan jita don tsirkiya ta ɗame, kunne ake ce musu. Baffa ya taɓa ta farko ya gyara, ya taɓa ta biyu ya gyara. Ta uku ta cije, tsatsa ta kama ta, yatsunsa suka kasa.

"Nomau, hannunka ya fi ƙarfi. Murɗe mini kunnen na uku."

Nomau ya dubi benci. Ladan ɗaya, mai unguwa biyu. Ya ce, "Barmo, ka yi haƙuri," ya cafke kunnen tela ya murɗa.

"Wayyooo!"

Ladan ya yi salati, mai unguwa ya dafe nasa kunnuwan. Baffa kuwa ya karkata kai kamar mai sauraron tsuntsu, sai kafaɗunsa suka fara girgiza.

"Wallahi daidai sautin da nake nema ke nan. Barmo, ƙara yi in ji."

"In ƙara me? Ƙofata kun cinye, yanzu kunnena?"

Amma sai da ya ƙara, ba tare da an murɗa ba, aka ɗiga wa ƙarfen man keke, Baffa ya bi muryar Barmo har tsirkiyar ta hau. Ya sa yatsu ya sauko da su kan duka shidan. Ba lasifika, sautin siriri ne, amma zauren ya yi tsit. Baffa ya daɗe bai ɗago kai ba.

Wata rana, ita ce ranar auren. Da safe aka jona jitar da wata 'yar lasifika don gwaji, sai ga wani zuuu kamar an tsokano amya. Baffa ya zura yatsa cikin ramin bayanta ya lalubo wata baƙar waya tana reto. "Ga mai laifin. Ka haɗa wannan da ƙasa." Nufinsa ƙasan jaki, wajen da ake maƙala ta. Kafin ya ƙara kalma ɗaya dattawa suka shigo suka tasa shi gaba sai masallaci, wajen ɗaurin aure. Nomau ya jawo baƙar wayar ya ga ko taƙi ɗaya ba ta kai ba, ƙasa kuwa ga ta can. Ya shiga neman ƙari.

Da la'asar sakaliya fili ya cika. 'Yan'uwan ango sun zo daga birni cikin mota biyu, sun zauna a kujerun gaba suna fifita. An ɗauko mai kayan sauti daga garin gaba da janareto da manyan lasifiku. Ana tayar da injin, lasifikun suka ɗauki gurnani, ko maganar kusa da kai ba ka ji. Sanƙira ya karɓi makirufo ya kai baki zai fara kirari, wuta ta ja shi a leɓe, ya yi tsalle ya jefar, hularsa ta yi gabas shi ya yi yamma. Mai kayan ya taɓa akwatin sautin, shi ma ta fizge shi. Ya canza wannan waya, ya canza waccan, gumi yana tsiyaya. A ƙarshe ya zo gaban Baffa ya durƙusa. "Baba, wuta tana yawo a jikin kayan nan, ban san ta ina ba. In ka riƙe ƙarfe a haka za ta iya yi maka illa. Sai dai a kashe."

Wata daga cikin matan birni ta ce, ba a hankali ba, dama an ce musu makaɗin makaho ne, jitar kuma ƙofar shago ce. Baffa ya ji. Yana zaune cikin sabuwar babbar riga, hannayensa a kan gwiwa, babu abin da ke motsi sai yatsu. Hansatu a cikin lulluɓi ta sunkuyar da kai.

Sai ga Nomau ya ratso taro. Jita a kafaɗa, wata doguwar waya ta fi kamu goma ta fito daga bayanta kamar wutsiya, ƙarshenta a naɗe jikin turken ƙarfen da ake ɗaure akuyar Inna. Hannu ɗaya guduma, ɗaya buta. Fili ya kwashe da dariya. Bai kula kowa ba. Ya miƙa wa Baffa jitar, ya nemi wuri gefen rumfa, ya dafa ƙasa ya ji tauri, ya juye mata ruwan butar duka don ta yi laushi. Ya kafa turken ya yi ta duka har ya nutse.

Baffa ya ce, "Nomau, me nake ji kana bugawa?"

"Na haɗa ta da ƙasa, Baffa."

Baffa ya rufe fuska da tafin hannu. Mai kayan sauti yana cewa a dakata, amma Nomau aikin da aka sa shi bai ƙare ba sai an gwada. Ya ɗauki wayar sautin jitar ya soka a akwatin sauti.

Gurnanin ya ɗauke ɗif. Sai kukan janareto can nesa, da wata akuya.

Mai kayan ya kai ɗan yatsa ya taɓa akwatin ya janye da sauri. Ya sake taɓawa, ya bar hannun a kai. Ya ɗauki makirufo ya goga a leɓe. Babu komai. Wani yayan ango mai aikin lantarki a birni ya taso ya bi wayar da ido tun daga jita har turke, ya durƙusa ya taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasar, ya miƙe yana girgiza kai. "Abin da kayan nan suka rasa ke nan tun ɗazu. Wutar da ke yawo hanya take nema, ga shi an ba ta, ta bi turke ta shige ƙasa. Har da jiƙa wurin! Malam, a ina ka yi karatu?"

Nomau ya ce, "Baffa ne ya ce ƙasa."

Baffa ya buɗe baki zai yi bayani, ya fasa. Ya gyara zama, ya ɗora jitar a cinya, ya yi bisimilla, ya taɓa tsirkiya.

Sautin ya fito garau, ya haye rumfa, ya haye katangu, har masu dawowa daga gona suka tsaya da fartanya a kafaɗa. Ya fara a hankali kamar mai tambayar hanya, sannan yatsun suka tuna gida. Tsofaffin da suka san shi da ƙuruciya suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Barmo ya shiga fili yana nuna jitar yana gaya wa baƙi, "Ƙofata ce! Ƙofata ce!" Matar nan ta birni ta ajiye mafici ta ɗaure gyale a ƙugu. Hansatu ta yaye lulluɓi, ta taso ta durƙusa gaban mahaifinta ta dafa gwiwarsa, hawaye na zuba, tana dariya. Bai gan ta ba, amma ya san hannun, ya karkato da kiɗan wajenta.

Nomau yana tsaye gefe yana gadin turke kada wani ya yi tuntuɓe. Baffa ya kai baki makirufo ba tare da ya tsayar da kiɗa ba.

"Ina ɗana Nomau? Shigo fili ka taka!"

"Me zan taka, Baffa?"

Baffa ya yi dariya har jitar ta yi dariya tare da shi. "Ƙasar mana! Yau ai taka ce!"

Nomau ya shigo tsakiyar fili, ya naɗe ƙafar wando, ya ɗaga ƙafar dama ya taka ƙasa da gaske. Ya ɗaga ta hagu ya taka. Fuskarsa a murtuke irin ta mai aiki, dim, dim, dim, kuma kowane taku yana faɗawa daidai kan kiɗa. Barira ta shigo ta tsaya gefensa ta kwaikwaye shi. Ango ya biyo, ladan ya waiwaya ya ga ba mai kallonsa ya biyo, Inna Tabawa ta ce a riƙe mata carbi. Kafin a jima duk Kwarin Maje da baƙinta suna dim, dim, dim, har kujeru suna tsalle.

Da aka kira magariba kiɗa ya tsaya, kowa ya zube yana haki. Nomau ya zo gaban Baffa ya durƙusa, gumi har gwiwa.

"Baffa, na taka. Ta isa ko in ƙara?"

Baffa Ilu ya lalubo kansa ya dafa, ya daɗe bai ɗauke hannun ba.

"Ta isa, ɗana. Allah ya yi maka albarka."